Jobo CPE-2 Plus mai lif: injin wankin fim mai kyau, amma mazurarinsa ɗaya ne tal

Masu tambaya ko injin nan ya ci kuɗinsa, amsar a gajarce eh ya ci, amma fa ba zai yi maka tsafta ba, wannan aikinka ne. Da yawa suna ɗauka in ka sayi inji mai juya tanki shikenan ka huta da ɓacin fim, alhali abu biyu kawai ya ɗauke maka, riƙe zafin ruwa da kuma jujjuya tankin. Maganar kar wani magani ya shiga cikin wani kuwa, in ma ba ka yi hankali ba injin sai ya ƙara maka hanyoyin da hakan zai faru.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, baho ne na roba mai tsayi, baƙi, ka cika shi da ruwa, akwai hita a ƙasa da abin murɗa zafi, sai moto a gefe guda da yake juya tankin fim a kwance cikin ruwan, ya yi gaba ya dawo baya, wajen juyi 75 a minti. A cikin bahon akwai gurbin gora 4 masu cin mil 600 kowacce da gurbin kofunan awo 4, duk suna zaune cikin ruwan ɗumin tare da tankin. Kamfanin Jobo na Jamus ne, a garin Gummersbach, tun 1923 suke wannan harka. Wannan samfurin an daina yinsa, na hannu kawai za ka samu, sabon da ya gaje shi shi ne CPE-3, shi kuma da lif ɗinsa, wato hannun zuba magani da zubar da shi, ya haura Yuro 1000 nesa ba kusa ba. Yayyensa CPA-2 da CPP-2 suna da famfo mai zagaya ruwan bahon kuma suna ɗaukar manyan ganguna na fim mai faɗi, wannan ƙaramin ba shi da famfo, sai dai juyin tankin ya ɗan motsa ruwan, ni nakan sa hannu in dama ruwan kafin in auna zafi.

Dalilin sayensa dai fim mai kala ne. Wankin C-41, wato tsarin wankin fim mai kala, yana son digiri 37.8, dibelofa, maganin farko mai fito da hoto, minti 3 da sakan 15, kuma ba ya son wasa da ko ɗaya daga ciki. A nan gaskiya injin ba shi da laifi, in ka ba shi lokaci ruwan ya daidaita, kamar awa guda haka, to zai riƙe maka. Lambar da ke jikin abin murɗawar kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari a injin da ya tsufa, ka sa tamomita a cikin gorar dibelofa ita kanta ka gani.

To sai lif. Shi ne hannun nan da ake ɗorawa a gefen moto, yana da mazurari a sama, ka zuba magani ya gangara ya shige tankin yana cikin juyawa, lokaci ya cika ka ɗaga hannun tankin ya karkace ya zubar ta wani ɗan tiyo a gefe. Wallahi abin akwai daɗi, ba cire tanki ba buɗe murfi ba jiƙa hannu, kuma a wankin da sakan 15 ma lissafi ne wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka lura da kyau, dibelofa ta wannan mazurarin zai bi, magungunan da ke biye da shi, bilic da fiksa, su ma ta nan, ruwan ɗauraya ma ta nan, kuma duk ta tiyo ɗaya za su fita. Duk wanda ya fara ganin haka sai gabansa ya faɗi, ya ce to ai an gama cakuɗa komai kenan.

Ba haka abin yake ba, kuma nan ne nake son a tsaya a fahimta don shi ne gaba ɗayan maganar. Gurɓacewar magani tana da alƙibla. In ɗan ragowar dibelofa ya bi fim ya shiga bilic, wannan dole ne, ko a manyan injinan ɗakin wankin hoto haka yake faruwa, fim jiƙaƙƙe ne yake fita daga wannan ya faɗa wancan, kuma an haɗa magungunan da sanin haka, za su iya shanye kaɗan. Amma in abin ya juyo baya, bilic ko fiksa ya samu hanya ya shiga dibelofa, to nan ake kuka. Kamar madara ce da tsamiya, ka ɗiga madara a ruwan tsamiya ba abin da zai faru, ka ɗiga tsamiya a kofin madara ka gani. Shi bilic aikinsa ya ƙone azurfar da ta fito, in ya haɗu da dibelofa sai ya cinye ƙarfinsa ya bar tabon launi a ko'ina a fim ɗin har wurin da haske bai taɓa ba. Shi kuma fiksa aikinsa narkar da gishirin azurfar da ke jikin fim, ka ga in ya riga dibelofa isa wurin ai ya fara cinye hoton tun kafin ya fito. Kuma abin haushin ba wai fim ɗin zai fito fari fat ka gane nan take ba, a'a, zai fito kamar lafiya lau, sai ka ɗora a sikana ka ga inuwa ta tafi wani launi haske ya tafi wani, ka gyara fuskar mutum riga ta lalace, ka gyara riga sama ta koma wani abu daban. Irin wannan karkacewar ba ta gyaruwa da jan maɓalli ɗaya a kwamfuta, saboda shimfiɗun launi ukun da ke jikin fim ɗin ne kowacce ta bi hanyarta.

Abin da ya sa inji mai juyi ya fi zafi a wannan wajen shi ne ƙarancin maganin da yake ci, wanda kuma shi ne abin da ake yabonsa da shi. Tanki lamba 1520 mai cin fim biyu na 35mm, in da hannu za ka riƙa kifa shi kusan rabin lita zai sha, a kan injin mil 240 ya isa. Ƙaramin 1510 mil 140 kacal. Ka samu sauƙin kuɗin magani sosai, amma ɗigon da zai ɓace a rabin lita, a mil 140 ba zai ɓace ba.

Yanzu a cikin wanki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, komai gaba yake tafiya, dibelofa, bilic, fiksa, ruwa, saboda haka mazurari ɗayan nan ba matsala ba ne. Matsalar tana tsakanin wankin yau da na gobe, ko tsakanin zubi na farko da na biyu a rana ɗaya. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka kawai ita ce, mene ne abu na ƙarshe da ya bi ta cikin lif ɗin nan? In ruwa ne mai yawa, kana lafiya. Amma akwai wata ɗabi'a da na ga mutane da yawa suna yi, da an gama fiksa sai su cire tankin daga kan inji su kai bakin famfo su ɗauraye fim a can wai ya fi sauri. Fim ya wanku kam, amma lif fa? Abu na ƙarshe da ya gani fiksa ne, yana nan kwance a lanƙwasar bututun ciki da bakin tiyo, ya bushe ya zama farin gari, gobe ka zo da sabon dibelofarka mai tsada ka zuba ya bi ta kansa ya kwashe shi ya kai wa fim. Don haka ni ɗaurayar a kan inji nake yinta ta cikin mazurarin, ruwa mai ɗumi daidai da na bahon, a zuba a bar shi sakan 30 a zubar a sake, kamar sau 6 zuwa sama, fim yana wankuwa lif yana wankuwa a tafiya ɗaya. In na gama gaba ɗaya kuma in ƙara ɗura masa ruwa kamar lita biyu da tanki marar fim a jiki, ina zagaya ruwan a bangon mazurarin ba tsakiya kawai ba, saboda fantsalin biliks, wato bilic da fiksa a haɗe, a gefe yake maƙalewa.

Nawa na hannu na saya daga wani a waje, a hoto tsaf kamar sabo. Da ya iso na zare tiyon na haska tocila ciki, wani baƙin dafi ne ya yi layi a ƙasan bututun, irin ragowar azurfa da tsohon fiksa yake bari, ril ɗin da ake naɗa fim a kai kuwa in ka shafa sai ka ji yana ɗan danƙo, tsagin da fim yake bi duk ya yi wani yauƙi ruwan toka. Da na zuba ruwa zalla a tankin na girgiza sai ga kumfa ta taso kamar an sa omo. Wannan kumfar ita ta gaya min abin da mai shi na da yake yi, yana zuba sitabilaiza a cikin tankin ne.

Wannan shi ne abu na biyu, kuma kamfanin da kansa ya daɗe yana gargaɗi a kai: sitabilaiza ko maganin ɗaurayar ƙarshe, da irin su Photo-Flo na fim baƙi da fari, kar su bi ta lif, kar su shiga tanki, kar su taɓa ril. Dangin sabulu ne a cikinsu don ruwa ya zame daga jikin fim ba tabo, kuma bayansu ba a ƙara ɗauraya, ka ga kenan in ka bi da su ta lif su ne za su zama abu na ƙarshe. Suna taruwa a jikin roba a hankali, ril ya fara riƙe fim wajen lodi kana cikin duhu kana gumi fim ya ƙi shiga, sannan a wanki na gaba dibelofa ya yi kumfa, tanki kuma yana juyi 75 a minti yana kaɗa ta, sai ka ga tabo-tabo a gefen fim. Abin yi mai sauƙi ne, ka samu roba daban mai murfi wadda ba ta da wani aiki sai wannan, ka buɗe ril ɗin ya rabu biyu, fim ya sauka cikin robar, minti ɗaya kana ɗan motsa shi, ka ɗaga ka shanya. Ril ɗin nawa sai da suka kwana a ruwan ɗumi na bi tsagi-tsagin da tsohon buroshin haƙori kafin suka dawo hayyacinsu, tiyon kuwa canza shi na yi kawai. Kar ka zuba musu tafasasshen ruwa, za su lanƙwashe. Kuma dan Allah kar wani ya ce bari ya wanke da bilicin wankin kaya, in ya haɗu da ragowar fiksa mai amoniya iska mai guba yake tayarwa, a ɗan ƙaramin ɗaki a rufe wannan ba abin wasa ba ne.

Murfin tankin ma ana mantawa da shi. A cikinsa akwai wani ɗan mazurari da yake tare haske, yana cirewa in ka murɗa, ƙarƙashinsa akwai lungu da ruwa yake kwanciya. Ka cire shi duk bayan wanki, da sandar tsakiya da ril yake hawa, kowanne a wanke a shanya daban.

Amma in za a faɗi gaskiya yawancin ɓarnar ba a lif take faruwa ba ma, a 'yan ƙananan kayan da ke kewaye ne. Tamomita ita ce babbar munafuka, ka tsoma a biliks ka ga zafi, hankalinka yana kan agogo, ka ɗauke ka tsoma a dibelofa, shikenan an gama. Ni dibelofa kawai nake aunawa, sauran tunda a baho ɗaya suke kuma suna da sassauci na 'yan digirori ba sai na tsoma musu komai ba. Murafan gorunan duk girmansu ɗaya, kowanne yana hawa kan kowacce gora, ka ajiye biyu a kan tebur ka juya baya ba za ka san na wa ne na wa ba. Na samu salatif mai kala na naɗa wa kowace gora da murfinta da kofin awonta launi ɗaya, kuma gorar da ta taɓa ɗaukar biliks ba za ta ƙara ganin dibelofa ba har abada ko da an wanke ta da me, roba tana riƙe abu. Jerin ajiyarsu a baho ma yana da amfani, ka sa dibelofa a inda in ka ɗago gorar biliks ba za ta wuce ta samansa tana ɗiga ba, kuma murfinsa a rufe sai lokacin zubawa. Ruwan bahon shi kansa kar ka ɗauke shi mai tsafta, duk abin da ya zube nan yake tafiya, in ka ciro gora ka goge gindinta da tsumma kafin ka karkata ta kan mazurari. Ranar haɗa magani daga kwali kuma dibelofa ake fara haɗawa a rufe a kawar, sannan a buɗe sauran.

Sai maganar maimaita magani. Kwalayen da ake sayarwa na gida irin su Cinestill Cs41 da na Bellini da Adox an yi su ne ka mayar gora ka sake amfani kana ƙara lokaci. Yana ceton kuɗi, babu musu, musamman ga wanda sai an yi masa odar kwalin daga waje. Amma ka sani dibelofan da za ka tara daga bakin tiyon lif ya bi ta hanyar kowa da kowa, in akwai wani abu a ciki ya koma gorarka kenan, fim ɗin yau ya tsira amma duk na bayansa sun shiga uku. Tunda injin mil 240 kawai yake ci, ni na fi ganin a tara fim, a haɗa magani, a yi amfani da dibelofa sau ɗaya a zubar, bilic da fiksa su a maimaita. In kuwa dole sai ka maimaita, to tsakanin dibelofa da biliks ka sa ruwan tsayarwa, wato asid ɗin binega mai rauni kamar kashi 2 cikin ɗari, sakan 30, sai ɗauraya ɗaya, biliks ɗinka zai fi daɗewa don ba ya shan dibelofa kullum. A ra'ayina kuma kwalin da ya raba bilic daban fiksa daban ya fi wanda ya haɗe su, mataki ɗaya ne ya ƙaru, da lif kuwa ƙarin mataki ba komai ba ne.

Masu wanke fim ɗin sinima irin Kodak Vision3 da aka naɗe a gwangwanin 35mm, ku kuma taku ta fi yawa. Bayan tsohon samfurin fim ɗin akwai baƙin shafe na gawayi, in bai fita tun farko da ruwan cire shi ba to zai narke a dibelofa ya bi tanki da ril da lif ya yi musu baƙi, daga baya ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a fim ɗin da ba ruwansa. Wannan matakin a wajen inji nake yi, da hannu, in girgiza in zubar har ruwan ya daina fita baƙi, kuma ril ɗinsa daban ne. Fim baƙi da fari da mai kala kuwa tanki ɗaya ya ishe su in ana wankewa da kyau, ban ga dalilin sayen biyu ba.

In kana zargin dibelofarka, kafin ka saka fim ɗin bikin mutane a ciki, yanki ɗan harshen fim da haske ya riga ya taɓa ka tsoma a ɗan kofi, ya kamata ya yi baƙi sosai cikin lokacin da aka ƙayyade. Wannan zai nuna maka ko ya mutu ne, amma ba zai nuna ƙaramar gurɓata ba. Don ita sai ka ajiye guntun nagatif mai kyau na irin fim ɗin da ka saba, duk sabon wanki ka kara su a haske ka duba gefen da ba hoto, ruwan lemon nan nasa da rubutun da ke baki. In sabon ya fi duhu ko ya ja wani launi, akwai magana, ka zubar kar ka tsaya jayayya da gora.

Abubuwan da mai saye a ƙasarmu zai duba kafin ya tura kuɗi: ka tabbata na wuta 220 zuwa 240 ne irin na Turai, akwai na Amurka mai 110 a kasuwa da yawa. Ka ɗora shi a kan inbata ko janareta ranar aiki, don tankin a kwance yake kuma maganin bai kai rabinsa ba, in aka ɗauke wuta moto ya tsaya, ɓangaren fim yana cikin magani ɓangare yana sama, sakan kaɗan sun isa su bar maka layi. Injin yana ɗumama ruwa amma ba ya sanyaya shi, ga mai kala wannan daidai ne, amma baƙi da fari mai son digiri 20 a watan Afrilu sai ka jefa gorar ƙanƙara a bahon, ko ka koma digiri 24 ka rage lokaci. Dama juyi marar tsayawa yana sa a rage lokacin baƙi da fari, kamfanin fim na Ilford sun ce har zuwa kashi 15 cikin ɗari. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin dafi a jikin hita, ka riƙa zubar da ruwan bahon in ka gama, kuma kar ka taɓa kunna shi ba ruwa. Lokacin hunturu ka rufe bakin mazurarin da leda, ƙura ma gurɓata ce. Lif ɗin wannan samfurin iyakarsa mil 600, kar ka ɗora masa abin da ya wuce haka, in tankin ya yi nauyi ka tallafa masa da ɗaya hannun wajen ɗagawa, roba ce mai shekaru.

Tsohon fiksa da biliks akwai azurfa a ciki, a tara a jarka a rubuta a jiki, ba a zubawa inda kaji ko awaki za su sha, kuma duk kofi ko mazurarin da ya shiga wannan aikin ya bar kicin kenan.

Wa ya kamata ya saya? In fim ɗaya ko biyu kake wankewa a wata kuma baƙi da fari ne, bar kuɗinka, tankin Paterson da ake kifawa da hannu ya ishe ka. In mai kala kake yi jefi-jefi, baho da abin ɗumama ruwa irin Cinestill TCS-1000 zai kai ka. Amma in kana tara fim da yawa, ko kana son shiga E-6, wato wankin fim ɗin silaid da ake haskawa a bango, inda matakan suke da yawa kuma dibelofan farko ba ya yafiya ko kaɗan, to ka nemi wannan, kuma ka neme shi da lif ɗinsa a haɗe don sayen lif daban daga baya tsada yake. Ka ce wa mai sayarwa ya turo maka bidiyon moto yana juyi gaba da baya da tanki cike da ruwa a jiki, da hoton cikin mazurarin da na bakin tiyo a kusa. Gorunan da kofunan da za su zo tare da shi kuwa, tunda ba ka san me aka taɓa zubawa a kowanne ba, ka ba bilic da fiksa da ruwa su, dibelofa ka saya masa sabuwar gora da sabon kofi.